Hannun Leokadia Skiba

Layi huɗu suka ba ta. Na ƙirga. A takardar labaran ƙungiyarmu ta masu harba ƙananan rokoki, can ƙasa da sanarwar gyaran rufin rumfar jirage, aka rubuta cewa Pani, wato Malama, Leokadia Skiba ta rasu tana da shekara saba'in da uku, matar marigayi gwaninmu Zenon Skiba, wadda ta tsaya a bayan mijinta shekara arba'in, kuma ba za mu taɓa mantawa da miyar wakenta ba. Miyar wake! Na karanta a tsaye a kicin, na zauna na sake karantawa, sannan na dunƙule takardar na yi jifa da ita. Ta faɗa bayan firji, kuma can za ta zauna.

Sunana Lucjan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas a garin nan, kusan hamsin kuma ina cikin ƙungiyar. Miyar nan na sha ta fiye da kowa, har ƙari nake nema, saboda haka kada wani ya ɗauka mai gaskiya ne ya zo ba da labari. Haushin da nake ji, rabinsa na kaina ne.

Leokadia 'yar mai kiwon zuma ce daga wani ƙauye a hayin kogi. Tun tana ƙarama take murza kakin zuma tana fitar da kaji da shanu, uban yana faɗa wai tana ɓata masa kaya. Da ta kai sha tara aka tura ta koyon haɗa haƙoran roba, daga nan ta shiga wani ɗaki a ƙarƙashin asibitin haƙori, mai taga ɗaya da ba ka ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. Shekara talatin da takwas ta yi a ɗakin nan. Rabin tsofaffin garinmu da haƙoranta suke tauna burodi, har da ni, tun ranar da sitiyari ya zubar mini da na sama guda shida. Mace ce 'yar ƙarama, ba ta da yawan magana, kuma ba ta kallon mutum a ido. Bakinka take kallo. Sai ka rasa ko aikinta na da take dubawa, ko wanda za ta yi maka nan gaba take aunawa.

Mijinta Zenon shi ne mai sanar da isowar jirgin ƙasa a tasha, kuma ko lasifika ta mutu ba a rasa jin sa. Ƙato ne, mai dariya, mai rungume mutum har sai ya yi tari. Yatsunsa kamar karas. Ku riƙe wannan da kyau. Mutumin da maɓallin wuyan rigarsa ma sai ta saka masa, shi ne ƙasar nan gaba ɗaya ta yarda yana jera kawunan ƙusa dubu biyu a jikin roka, kowanne bai kai ƙwayar yashi ba.

Wasan namu ba shi da wuyar ganewa. Ka zaɓi wata roka ta gaske da aka taɓa harbawa sama, ka gina 'yar ƙaramarta, tsawonta ya kai ƙugu ko ƙirji, komai nata daidai da na babbar. Ranar Asabar ka ɗora ta a tebur, alƙalai su zo da ma'auni da hotuna su ba da maki. Ranar Lahadi dole ta tashi. In mai hawa uku ce, kowane hawa ya kunna injinsa a sama, ya rabu da ɗan'uwansa, ya sauko da laimarsa. In ba ta tashi ba, makin jiya ya bi iska, ko da shekara uku ka yi kana gininta. Sannan akwai kati. A katin akwai layin da aka rubuta "wanda ya gina", ka sa sunanka, ka sa hannu. Wanda ya gina shi ke shiga gasa, wanda aka kama da aikin wani kuwa a soke sunansa, a karɓe duk abin da ya taɓa ci. Zenon ya sa hannu a layin nan sau ashirin da biyu.

A filin gasa, aikin Leokadia guda biyu ne da kowa ya sani: tukunyar miya, da tare wa roka rana da farin zane kada fenti ya kumbura. Akwai na uku. Duk lokacin da roka ta faɗo ta karye a tashin farko, sai su biyun su kwashe gutsattsarin su shiga tsohuwar motarsu mai labule, Zenon ya leƙo ya ce kada wanda ya dame shi. Bayan awa ɗaya ya fito da ita garau kamar ba ta taɓa faɗuwa ba, mu kuma mu yi ta tafi. In wani baƙo ya tambayi abin da matar take yi a ciki, sai mu ce gam take miƙa masa. Ƙattin maza da tabarau, injiniyoyi da malaman makaranta, ba wanda ya taɓa tambayar yadda mutum zai shiga gyaran roka ya fito ba ɗigon gam ko ɗaya a hannunsa.

Ni kam ba sai na tambaya ba, da idona na gani. Wata Lahadi da rana, shekarar da ake gina wa Zenon rokar Saturn, na je gidansu aron injin huda katako. Ƙofar baya a buɗe take, na kutsa kai. Leokadia na zaune a teburin kicin, tabarau mai ƙara girma a goshinta, hawa na biyu na Saturn kwance a kan tawul. Da ɗan ƙarfen da take sassaƙa kakin haƙori take danna kawunan ƙusa, ɗaya bayan ɗaya, hannun ko rawa ba ya yi. Daga falo kuwa muryar mai sharhin ƙwallo ce ke tashi, da munsharin Zenon. Na tsaya kamar an dasa ni. Can sai ga shi ya fito da safa, yana murza ido, ya dube ni, ya dube ta.

"Ƙura take share mini," in ji shi.

Leokadia ta ɗago kai. Bakina ta kalla.

"Ai ƙura ba ta da kyau ga fenti," na ce. Na karɓi injina na fita.

A shekarar muka je gasar ƙasa mu uku da sunan garinmu, aka haɗa makinmu wuri ɗaya. Tawa rokar karkatacciya ce, ta ɗayan ma gara a yi shiru, amma Saturn ta goya mu duka muka ci zinare. Ita ce lambar zinare ɗaya tilo da na taɓa samu a rayuwata. Na rataye ta a falo inda duk mai shigowa zai gani, kuma tun daga ranar bakina ya mutu.

Zenon ya faɗi a lambu yana tonon dankali, zuciya ce ta tsaya. A wurin jana'iza babban alƙalinmu, Pan, wato Malam, Teofil Wrona, tsohon malamin lissafi mai rataye ma'auninsa a wuya kamar gicciye, ya yi jawabi yana kuka. Ya ce irin waɗannan hannaye ba za a sake yin su ba. Shi ne dama ya raɗa wa aikin suna "ƙusar Zenon", yana nuna wa kowa a matsayin abin da ba mai iya kwaikwayo. Hannayen da yake yi wa kuka suna nan a gefensa, riƙe da jaka. Kafin shekara ta zagayo aka sa wa gasar garinmu suna Kofin Zenon Skiba, aka kuma ɗora wa matarsa aikin miƙa kofin ga wanda ya ci.

Bayan shekara biyu da wani abu, wata Talata da hantsi, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ita ce.

"Pan Lucjan, ka koya mini inji."

"Wane inji kuma?"

"Na roka. Yadda hawa na ɗaya yake kunna na biyu. Wannan kaɗai ne Zenon yake yi, ban taɓa sa hannu ba."

Karo na farko ke nan da aka faɗi maganar a fili tsakanina da ita. 

"To ki kawo in haɗa miki mana, Pani Leokadia."

"Nuna mini za ka yi. Kada ka taɓa. Wannan karon ba hannun da zai taɓa ta sai nawa."

Haka muka yi wata da watanni, duk Talata. Ina nuni da tsinken ashana, tana haɗa waya. A nan ne ta ba ni labarin, ba don na tambaya ba, don ni ba ni da fuskar tambaya.

"Shekarar da muka yi aure na je in shiga ƙungiya," in ji ta. "Shugaban lokacin ya dube ni ya ce madalla, dama ana neman mai ɗinka laima. Na dawo gida ina kuka, rokar Soyuz da na gina a cikin kwali. Zenon ya ce in bari ya sa sunansa sau ɗaya tak, ko don ta tashi. Ta tashi, ta zo na ɗaya. To a shekara ta biyu in ka faɗi gaskiya, sai ka mayar da kofin shekarar farko. A ta goma kuwa mutumin za ka mayar ɗungurungum."

"Ba ki ji haushinsa ba?"

"Na ji mana. Akwai shekarar da na yi wata uku ba na yi masa magana sai ta bakin kyanwa. Amma shi ma yana da nasa. Ni ban iya sakin su ba. In yi shekara biyu ina lallaɓa abu, sannan a ce in cinna masa wuta a gindi? Shi yana iyawa. Yana danna maɓallin yana hawaye."

Gaskiya ta faɗa. Shekara arba'in, duk lokacin da aka fara ƙirga biyar, huɗu, uku, Leokadia juya baya take yi ta kama juya miya. Mun ɗauka ƙarar take tsoro.

"Kati ɗaya nake so da sunana," ta ce. "Ɗaya. Nasa kuma a bar masa abinsa."

Shi ya sa ta zaɓi sabuwar rokar nan Vega, wadda aka fara harbawa Zenon yana da shekara biyu a ƙasa. A lissafinta, ba wanda zai ce ya bar mata ita a kabad. Ta yi zaton tana hulɗa da masu hankali ne.

Ranar Asabar ɗin gasa, rokoki shida ne a kan dogon tebur a rumfar jirage. Ta zo da tukunyar miyarta kamar kullum, ta ɗora a kan wuta a waje, sannan ta koma mota ta fito da dogon akwati. Da ta tsayar da Vega a kan tebur, fara tas, tsawonta har kafaɗarta, hayaniyar rumfar ta ɗauke. Pan Teofil ya sunkuya da gilashinsa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, idanunsa sun cika.

"Zenon," ya ce. "Allah sarki Zenon. Ashe ya bar mana ta ƙarshe."

"Pan Teofil, duba katin."

Ya duba. Ya yi mata irin murmushin da ake yi wa mara lafiya.

"Pani Leokadia, duk mun san abin da kike ji. Amma doka doka ce, ba a shiga gasa da aikin wani, ko da mijin mutum ne. Gobe za mu harba ta don tunawa da shi. Ke za ki tsaya a gaba, a ɗauki hoto."

"Rokar nan ba a yi ta ba sai bayan ya mutu."

"Zanenta ya fito tun yana da rai. Ya gina, ke kin shafa fenti. Ba abin kunya ba ne, fentin ma ya yi kyau." Ya nuna da alƙalami. "Ƙusoshin nan na san su kamar fuskar 'ya'yana, shekara talatin ina auna su. Wannan ba aikin mai koyo ba ne. Kuma, ki gafarce ni, ba aikin mace mai shekara saba'in ba ne."

Ta kalli bakinsa.

"Haƙoran gaban nan huɗu da kake gaya mini wannan maganar da su, wa ya yi?"

Wani ya yi dariya a baya, ya mayar da ita tari. Teofil ya rufe baki. Ni kuma, jarumi, sai na ga lokaci ya yi da zan ba da tawa gudunmawar ba tare da na taɓa lambata ba. Na ce, can ƙasa-ƙasa, ai ni na koya mata injin.

"Kun ji ko?" in ji Teofil, har da jin daɗi. "Injin Lucjan, jikin Zenon."

Da na sani na yi shiru kamar yadda na saba.

A jikin hawa na ɗaya akwai wani siririn bututun waya, tsawon tafin hannu, da kawunan ƙusa sittin a gefensa biyu. Leokadia ta sa farcen babban yatsa a ƙarƙashinsa ta ɓalle shi. Ƙas! Ta yar a siminti, ta sa dugadugin takalmi ta murƙushe. Wani ya kira sunan Yesu. Ni kam na san sati nawa ke cikin ɗan abin nan.

"Ƙarfe nawa ake rufe awo?" ta tambaya.

"Huɗu," in ji Teofil.

"A ba ni kujera."

Ta buɗe jakar nan da muka yi shekara arba'in muna zaton kayan saƙa ne a ciki. Ta warware wata tsohuwar fata, ga ƙarafan haƙori a jere, ga hantsaki, ga tabarau, ga ɗan fallen alminiyam da kwalbar farin fenti. Ta zauna a tsakiyar rumfa, ba mota, ba labule. Ta yanka, ta lanƙwasa, ta juya fallen ta fara danna ƙusa daga ciki. Muka zagaye ta. Matasan suna ta ɗaukar hoto suna mamaki, su ba su san komai ba. Tsofaffin ne abin kallo. Wajen ƙusa ta ashirin, ɗaya ya ce bari ya sha taba, ya fita. Wajen ta talatin wani ya bi shi. Ba wanda ya dubi idon wani, don kowa ya tuna motar nan mai labule, kowa kuma ya san ɗan'uwansa ya tuna. A waje miyar ta kama a gindin tukunya, ba wanda ya je ya juya.

Ƙarfe huɗu saura kwata ta manna bututun a wurinsa, ta hura fentin, ta cire tabarau. Teofil ya auna. Ya sake aunawa.  Ya ɗauki katin ya buga masa hatimi. Na ji daɗi har na fara tunanin ashe mutanen kirki ne mu.

Ƙarfe biyar aka liƙa maki a ƙofar rumfa. Zenon bai taɓa samun ƙasa da ɗari bakwai a hannun Teofil ba. Leokadia Skiba: ɗari biyar da tamanin. A gefe, da rubutun nan nasa mai kyau na malaman makaranta, an ce ƙusoshin sun ɗan yi girma, jerinsu bai miƙe sosai ba, amma ƙoƙari ne mai kyau ga mai farawa.

Mai farawa! Da safe aikin ya fi ƙarfinta, da yamma kuma bai kai na mijinta ba. Roka ɗaya, tebur ɗaya, ma'auni ɗaya. Kuma na gane dabarar, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. In ya ba ta ɗari bakwai, to ya yarda hannu ɗaya ne tun farko, ya yarda shekara talatin yana yi wa karas kirari. In ya rage mata, Zenon ya tsira, kofi ya tsira, shi ma ya tsira. Sai ya yanke daga jikinta ya liƙe ɓarakar, kamar yadda aka saba. Ban san lokacin da na isa teburin alƙalai ba.

"Kai, Teofil! Munafukin banza! Da safe ka san su kamar fuskar 'ya'yanka, da yamma ka yi musu korar kare?"

"Pan Lucjan, ka kama kanka."

"In kama kaina? Ƙusoshin nan su ne ka ba cikakken maki a jikin Saturn, kuma ni na san wanda..."

Wani hannu ya damƙe mini wuyan hannu. Ban taɓa sanin tana da wannan ƙarfin ba.

"Rufe bakinka," in ji Leokadia. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara talatin ka iya. Ƙara kwana ɗaya."

An zage ni a bas, an zage ni a gida, har mari na taɓa sha a wurin fasinja, amma ba a taɓa gaya mini maganar da ta kai wannan ciwo ba. Ta ja ni waje kamar ɗan akuya, ta tsayar da ni kusa da ƙonanniyar tukunya.

"Lokacin da maganarka za ta amfane ni ka yi shiru," ta ce. "Yanzu da Zenon ba zai iya tashi ya amsa ba ne za ka yi jarumta a kansa? Na ce maka kati ɗaya nake so. Na samu. Kada ka ɓata mini."

Ranar Lahadi sama ta yi wasai, iska kaɗan daga yamma. Ita ce ta biyar a layi. Ta ɗora Vega a kan sandar harbi da kanta, ta durƙusa a ciyawa ta haɗa waya, gwiwoyinta suna ƙara. Na tsaya nesa, hannuwana a aljihu, kamar yadda aka umarce ni. Mai lasifika ya karanta katin, ya zo layin wanda ya gina, ya ɗan tsaya, sannan ya faɗi sunanta. Aka fara ƙirga. A kan uku na ga kafaɗarta ta fara juyawa, tsohon sabo. A kan biyu ta dawo da ita. Ta danna.

Vega ta tashi miƙe kamar an ja ta da zare. Hawa na ɗaya ya ƙare, aka yi ɗan shirun nan da ke tsayar da numfashin kowane mai roka, sai na biyu ya kama. Ya rabu, na uku ya kama, ya yi ta tafiya har ya zama ɗigo. Laima ta buɗe, ta biyu ta buɗe, ta uku ta buɗe can sama tana lilo zuwa gonar alkama. Jama'a na ihu. Leokadia na tsaye, kai a sama, baki a buɗe, maɓallin har yanzu a danne a hannunta.

"Ashe haka suke yi," ta ce.

Na juya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Rokoki ashirin da uku ta gina, kuma wannan ce ta farko da ta ga tashinta.

Makin tashi ba shi da yadda za a yi a taɓa shi, kowa ya gani. Amma ramin jiya ya yi zurfi, ta zo ta huɗu a cikin shida. Da yamma aka kira ta, matar gwani, aka ba ta fure, aka ba ta Kofin Zenon Skiba ta miƙa wa wani likitan dabbobi da rokarsa ke da tabon yatsa a fenti. Ta miƙa, ta yi masa murna. Daga nan ta wuce teburin alƙalai, ta zare katinta daga cikin sauran.

"Pani Leokadia, wannan na fayil ne," in ji Teofil.

Ta buɗe jaka, ta saka, ta rufe. 

Ba ta sake gina wata ba, ciwo ya riga ya shigo. Zuwana na ƙarshe gidanta da rana ne, bayan an sallamo ta daga asibiti don ba sauran abin yi. A falo kofunan Zenon da lambobinsa na nan a kabad ɗin gilashi, an goge su tas, har ranar ita take gogewa. Katin kuwa a kicin yake, an kafe shi da ƙusa a bango daidai inda take zama, da hatimin Teofil da makinsa ɗari biyar da tamanin. Ta rame har tabarau ya yi mata yawa. Muka sha shayi da lemun tsami, na yi ta juya cokali, daga ƙarshe na tambaya.

"In kin tafi fa? In ci gaba da yin shiru?"

Ta daɗe tana kallon bakina.

"Haƙoran nawa ne," ta ce. "Bakin naka ne."

Kwana ɗaya ta ce in ƙara, na ƙara shekara ɗaya da rabi. Ko bayan an binne ta ban yi niyyar magana ba, gaskiya ke nan, na gaya wa kaina a bar matattu su huta. Sai ga layi huɗu da miyar wake, da sa hannun Teofil a ƙasa, mutumin da ya tsaya tun safe har kusan ƙarfe huɗu yana kallon hannunta.

Taron ƙungiya ranar Alhamis ne, ƙarfe biyar. Na sauko da lambar zinaren daga bango, ta bar farin zagaye a fenti. Zan ajiye ta a gaban Teofil in ce a karɓe, doka ce. Sannan in miƙe in karanta musu wannan takarda daga farko har ƙarshe, da ƙarfi, da haƙoran da ta yi mini.